Yadda Aka Rage wa Baburin Dogo Tsawo

Dogo ba dogo ba ne. Teloli ne suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi, don tsokana, domin idan ya tsaya a bayan teburin yanka sai dai ka hangi hularsa da kafaɗunsa. Da farko yakan yi fushi, daga baya ya gaji da fushin, har ta kai idan aka kira shi da sunansa na gaskiya sai ya waiwaya ya ga da wa ake. Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Ba shi da shago, bai taɓa yi ba. Shagonsa wata jakar fata ce mai ɗauke da sukudireba, da ƙananan sifanu, da gwangwanin mai, da wani tsumma da ya daɗe da manta launinsa. Duk telan da kekensa ya fara tsallake ɗinki ko tsinka zare sai ya aika a nemo Dogo. Yakan zo ya durƙusa, ya kara kunne, ya ce a taka. Kafin a yi nisa ya san inda ciwon yake. Da kunne yake aiki, ba ya buɗe keke sai ya saurare shi tukuna.

Baburinsa kuwa shi ne dogon na gaskiya. Na hannu ya saya, daga wani malamin gona mai dogayen ƙafafu da ke shiga daji da shi. Ranar da ya turo shi layin teloli kowa ya bar ɗinki ya fito kallo. Wani ya ce a nemo masa tsani, wani ya ce ai sai dai matarsa ta riƙa ɗora shi da safe ta sauke shi da yamma. Ya matsa da babur kusa da baranda, ya taka barandar ya haye, ya buga kik ya bar su da hayaƙi.

Haka ya yi ta hawansa shekara da shekaru. Idan zai tsaya sai ya zame rabin jikinsa gefe, ya miƙa ƙafar hagu, babban yatsa ya taɓo ƙasa da ƙyar. Saboda haka ya haddace garin ta wata fuska da ba wanda ya san shi da ita. Ya san kowace danja da inda bakin kwalbatinta yake, ya san dutsen da ke ƙofar mai sayar da zare, ya san kututturen da ke gaban gidan mai. Inda babu abin takawa, tun daga nesa yake rage gudu yana jan lokaci har wuta ta ba da hannu, ya wuce bai sauke ƙafa ba. Makanikensa ya yi magana har bakinsa ya gaji.

"Yaya Dogo, ka bari in rage masa tsawo mana. Aikin wuni ɗaya ne fa."

"Ni na kawo maka ƙara? Canza mai ka ba ni abuna."

Taurin kai ne, ba shakka, kuma Dogo yana da shi har na sayarwa. Amma ba taurin kai kaɗai ba ne, akwai matarsa. Mace ce doguwa, kakkaura, mai dariyar da ake jiyowa daga gida na uku. Shi kaɗai ke ce mata Giwa, shi ma sai in ba yara a kusa. Ita kuma Malam take ce masa, in ta so tsokana ta ƙara da Dogo, tana jan sunan. Baburinsa na farko ƙarami ne, duk ranar da ta hau sai ya durƙusa kamar mai neman gafara. Wannan dogon shi ne na farko da ya ɗauke ta bai yi ƙorafi ba, shi ya sa Dogo bai yarda a taɓa masa tsawo ba. Mota kuwa ba ta yi da ita sam. Da an rufe ƙofa ta shaƙi warin kujeru sai cikinta ya juya, kafin a yi kwana biyu na hanya ta fara amai. Bayan mai baburin haya kuma ta ce ba ta hawa, ba ta san hannunsa ba, ba ta san halinsa ba.

Ita ma tana da tata sana'ar. Guntayen yadin da teloli ke zubarwa take tattarawa, ta haɗa su ta ɗinka zannuwan gado da rigunan matashin kai. Don haka sau da yawa tare suke fita, shi yana durƙushe gaban keke, ita tana tsince ƙyallaye tana cika shagon da hira. In suka wuce ka hange su ta baya, Dogo ba ya ganuwa ko kaɗan. Masu shaguna kan ce ga babur can yana tafiya da mace ba direba. A kan baburin nan aka yi rainon yara uku. Mazan biyu aiki ya kai su nesa, sai a waya ake jin su. Babbar, wadda a da take zama a kan tanki tana riƙe da madubi, ita ce ke aure a garin, mijinta yana da mota.

Tsufa ta gwiwa ta fara kama Dogo, kuma gwiwar hagu, wadda duk nauyin tsayawa ke kanta. Ya ɓoye. Yakan shafa man zafi a banɗaki ya wanke hannu da sabulu don kada a ji wari, a zatonsa matar da suka yi shekara arba'in tare ba ta da hanci. Ana cikin haka ciwo ya shiga Giwa. Likita ya faɗi sunansa, suna ne mai tsawo, Dogo bai riƙe ba. Abin da ya riƙe shi ne kowane mako sai an kai ta asibiti an yi mata allura da ƙarin ruwa, kuma ba a fashi. Ya ce wannan mai sauƙi ne, ga babur ga shi.

Akwai wata mahaɗa kafin a kai asibitin, mai danja, inda Dogo ya saba ɗora ƙafa a bakin kwalbati tun yaransa suna ƙanana. Sai ma'aikata suka zo faɗaɗa hanya, suka fasa bakin kwalbatin suka share wurin fes. Dogo ya ga aikin da idonsa, amma ƙafarsa ba ta samu labari ba. Wuta ta tsayar da su, ya miƙa ƙafar hagu inda ta saba sauka, ta tarar da iska. A da, da ya zame ya cafe da yatsa. Wannan karon gwiwar ta ƙi. Babur ya kwanta da su a hankali, ba gudu ba ƙara. Mutane suka taru ana ta sannu. Giwa ta kurje gwiwar hannu, mayafinta ya ɓaci da baƙin mai. Abin da ya tsaya wa Dogo a rai shi ne ya kasa ɗaga ta. Wasu mata biyu masu wucewa ne suka kama ta suka miƙar, shi yana tsaye riƙe da takalminta ƙafa ɗaya. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da yamma 'yar ta zo. Ta duba hannun uwarta, ta fito tsakar gida, ta zare makullin babur daga ƙusar da ke bayan ƙofa ta jefa a jakarta.

"Baba, ba rashin kunya zan yi maka ba. Amma yau da babbar mota ce a bayanku fa?"

"Ai ba ita ba ce."

"Mama ba lafiya, kai ma ƙafarka ba lafiya, kana zaton ba mu sani ba. Ga mota a gida. Maigidana zai riƙa kai ta."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi masa zafi. Ya sunkuyar da kai.

Sau ɗaya aka kai Giwa a motar. Surukin ya sauke gilasai duka, ya yi tuƙi a hankali, ya tsaya a hanya ya fi a ƙirga. Duk da haka ta dawo a galabaice, fuska ta yi fari, ta kwana biyu ko ruwa ba ya zama a cikinta. Da mako ya zagayo ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

"Ku bar ni a ɗakina. In ba a bayan ubanku ba, ba inda za ni."

Aka yi lallashi, aka yi faɗa, mazan suka bugo waya ɗaya bayan ɗaya, ko gezau. Ranar allura ta zo ta wuce. 'Yar ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, ta rasa wanda za ta yi fushi da shi a cikin su biyun. Cikin kukan ta dubi ubanta ta ce, "Baba, ranar da ka zauna a kan baburin nan dugaduganka biyu suka taka ƙasa, zo ka karɓi makulli." Ta faɗa ne don ta rufe maganar, don ta san mutum ba ya ƙara tsawo da furfura a kansa. Dogo kuwa bai ji maganar a haka ba.

Washegari da safe ya turo babur da hannu har rumfar makaniken, yana ɗingishi yana hutawa. Rumfar kwano ce, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai, ga tayoyi an jibge a kusurwa, ga benci mai ƙafa ɗaya ta bulo. Makaniken, wani siririn mutum da surutunsa ya fi aikinsa yawa, ya ɗago kai daga injin da yake wankewa.

"Yau kuma turo shi ka yi? Me ya mutu?"

"Ba abin da ya mutu. Rage masa tsawo za ka yi."

Makaniken ya buɗe baki zai saki tsokanar da ya shekara da shekaru yana tanadi, ya ga fuskar Dogo, ya haɗiye abarsa. Ya goge hannu ya ce ya hau ya zauna daidai, kada ya zame. Ya riƙe masa babur, ya durƙusa ya auna tsakanin diddige da ƙasa da tafin hannunsa. Tafi guda ne da ɗan ƙari.

Ta bayan babur ya fara. Akwai shakazoba biyu a nan, ƙarafan nan masu sifirin da ke shanye gargadar hanya. Ya kwance su, ya tono wasu gajeru daga akwatin kaya, ya wanke su ya danna kowace da ƙirjinsa ya ji ƙarfinta kafin ya ɗaura. Ya koma gaba ya sassauta notunan da ke riƙe da ƙafafun gaba, ya tura ƙarafan sama kaɗan ya sake ɗaurewa, don kada baya ya sauka gaba ya tsaya yana kallon sama. Ya ɓare rigar sirdi ya yanke soson da wuƙa, yana yanka yana shafawa. Jak ma, ƙarfen da ake kafe babur da shi, sai da aka kai wa mai walda na kusa ya datse ya sake haɗawa, domin babur in ya gajarta aka bar masa dogon jak, tsaye ƙyam yake tsayawa, iska ma sai ta kayar da shi. Dogo yana kan benci yana kallo, bai sha shayin da aka kawo masa ba. Lokacin da mai walda ya sa wuta a jak sai ya kau da kai.

Da aka gama makaniken ya kira shi bayan babur.

"Sa hannunka nan, tsakanin taya da murfinta. Da, hannuna har wuyansa yake shiga. Yanzu ka ga yatsu uku ne. Kai kaɗai lafiya lau. Amma in Mama ta hau kuka taka tudu, taya za ta taɓo murfin. Ka ga zoben nan da ke ƙasan sifirin? Na ɗaure shi a matakin ƙarshe, mafi tauri. Fiye da haka ba ni da dabara. Sai dai ka riƙa lallaɓawa."

Dogo ya ɗaga ƙafa ya hau, ba baranda ba dutse. Ya zauna, dugadugansa biyu suka taka ƙasa daram. Ya yi zaton zai ji daɗi, sai ya ji baƙin ciki. Babur ɗin ya yi masa hidima tun gashinsa yana baƙi bai taɓa gazawa ba, shi ne ya gaza, amma babur aka yanke.

'Yar ba ta yarda da labari ba sai da ta gani. Ta sa shi ya hau a ƙofar gida, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin takalmansa, ta ce ya girgiza babur ɗin, ya girgiza. Ta miƙe ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buɗe jaka ta miƙa masa makulli.

"Baba, don Allah a hankali."

"Ke na fara ɗauka a kansa kafin ki san sunanki," ya ce, amma a ƙasan maƙoshi.

Giwa ta fito da mayafi, ta zagaya babur ɗin tana ƙare masa kallo.

"Malam Dooogo, ka kasa kamo shi ne ka sa aka sauko maka da shi?"

"Hau mu tafi, mun makara."

A hanyar asibiti akwai wani tudu da aka gina don rage gudu, daidai gaban wata makaranta. Dogo ya lallaɓa ya hau shi. Tayar gaba ta wuce lafiya, ta baya na hawa sai ga ƙara daga ƙarƙashinsu, ƙurrr, taya ta gogi murfi. Giwa ta tambayi mene ne, ya yi mata bayanin makanike a taƙaice, yana jiran ta ce a koma gida. Sai ta fashe da dariya, irin dariyar da ya kwana biyu bai ji ba, har masu tafiya a ƙasa suna waiwaye. Ta ɗaka masa duka a kafaɗa.

"Au, nauyina ne ya ishe shi? Ce masa ya yi haƙuri, ba yau na fara hawansa ba."

Daga ranar abin ya zama nasu. Kowane mako in sun doso tudun sai ta yi shiru tana jira, babur ya yi ƙurrr, ta dake shi a kafaɗa ta ce mutuminsa ya fara ƙorafi. A ɗakin ƙarin ruwa, inda mata ke kwance a jere kowace da allura a hannu, ita ce mai ba da dariya. In wata ta ce mata ta ɗan faɗa, sai ta ce, "Ni? Ina nan da ƙibata, je ki tambayi babur." Ma'aikatan jinya ma sun san zancen, da ta shigo sai su ce yau ya yi kuka kuwa, ta ce har sau biyu. Akwai ma'auni a bakin ƙofar likita, amma ita kaɗai ke shiga, in ta fito Dogo ya tambaya sai ta ce kamar na wancan makon. Shi ma bai matsa ba. Yana da nasa ma'aunin a gaban makaranta, kuma yana gaya masa abin da yake so ya ji.

Haka aka ci watanni. Ƙarar ta fara gajarta, daga ƙurrr ta koma ƙur, ta koma ɗan taɓi kawai. Kunne irin na Dogo ba zai ce bai ji ba, amma ya ce wa kansa ya ƙware ne da lallaɓawa. Sai wata safiya suka hau tudun suka sauka sumul, ba ko ƙyas. Hannun da ke kafaɗarsa bai motsa ba. Haka suka isa ƙofar asibiti.

Yana zaune a benci yana jiranta ya yi ta nemo dalili. Ya fita ya danna taya ko iska ce ta yi yawa, ya duba murfi ko ya ɗaga, ya duba zoben sifirin yana nan inda aka ɗaure shi. Mako na gaba ya hau tudun da ɗan gudu da gangan, shiru. Daidai lokacin Giwa ta ɗauko zancen tsadar zare da ƙarfi, ita da ta daina ɗinki tuntuni. A gida ya zauna ya dube ta da kyau, abin da ya daɗe yana gudu. Awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Zobenta ta naɗa masa zare don kada ya faɗi. Zani biyu take ɗaurawa, ɗaya kan ɗaya, cikin wannan zafi. Duk ya ga waɗannan a da, kowanne ya samo masa uzuri, amma sifirin bai san kara ba. Ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe bai fito ba.

Abin da ya fi damunsa shi ne ita ma shirun ya taɓa ta. Ta daina tsokanar ma'aikatan jinya. In sun tambayi babur sai ta yi murmushi ta miƙa hannu a sa allura. Abincin da take ɗan taɓawa ma ta fara turewa. Dogo ba likita ba ne, ba zai iya mayar mata da abin da ciwo ya cinye ba. Abu ɗaya ya ga yana hannunsa.

Ya koma rumfar makanike da safe, kafin masu kawo aiki su taru.

"Zoben nan da ka ɗaure, sassauta shi. Mayar da shi matakin farko."

"Ai in na yi haka zai riƙa taɓawa sosai."

"Na sani."

"Taya za ta cinye, Yaya Dogo. Murfin ma zai huje. Mutane kawo mini suke in hana shi taɓawa, kai kuma..."

"Ya kwana biyu da daina taɓawa."

Makaniken ya tsaya da sifana a hannu. Ya durƙusa ya juya zoben dama, ya zagaya ya juya na hagu, babur ya ƙara lafawa ƙasa. Ya ce sai an gwada da mutum a baya, ya hau da kansa, suka nufi wani tudu da ke bakin layi. Taya ta ɗan gogi murfi. Da suka dawo bai sauka nan da nan ba, ya yi tambayar a hankali daga baya.

"Ta kai ni nauyi yanzu?"

Dogo ya san nauyin da ke bayansa ta hannuwansa da ƙugunsa, ba ya bukatar ya yi tunani.

"Ka fi ta."

Makaniken ya sauka. Siririn mutum ne, yara ma tsokanarsa suke da cewa iska za ta ɗauke shi. Ya ɗauko guduma ya naɗe mata tsumma a kai, ya bubbuga murfin ya ɗan sauko da shi kusa da taya, yana bugawa yana jan hanci yana cewa hayaƙin mai walda ne ke damunsa. Mai walda ko buɗewa bai yi ba.

Ranar allura Giwa ta fito a hankali tana dafa bango. Ta ɗaga ƙafa ta hau, ta gyara zama. Dogo ya ja babur kamar wanda ya yi sata. Suka doso makaranta. Ya rage gudu ya hau tudun, sai ƙurrr, doguwa, irin ta farko. Ta yi dariya. Dariyar ba ta da ƙarfin da, amma dariya ce. Ta dake shi a kafaɗa, dukan bai fi taɓawa ba.

"Mutuminka ya dawo da halinsa."

"Ai dama hutu ya ɗauka."

Ya ji daɗi har ya fara yabon kansa a zuci. Danja ta tsayar da su, ya sauke ƙafafu. Sai ya ji ta kwantar da kanta a bayansa, abin da ba ta yi a titi ko suna da ƙuruciya.

"Malam."

"Na'am."

"Yaushe ka kai shi wurin makanike?"

"Mai na canza."

"To. Allah ya yi wa mai canza man albarka." Ta ɗan numfasa. "Tun da na ɗaga ƙafa na san an taɓa shi. Shekara nawa ina hawan baburin nan, kana zaton ban san tsawonsa ba?"

Ya zuba wa jar wutar ido har ta zama biyu a idonsa.

"Kar ka mayar, bar shi haka," ta ce. "In mun taso ka bi da mu ta ƙofar gidan yarinyar nan. Akwai tudu a layinsu. Ina so ta ji."

Haka aka yi. Da suka taso ya yi zagaye ya shiga layin, ya yi hon tun daga nesa. 'Yar ta leƙo da ɗanta a kafaɗa daidai lokacin da tayar baya ta hau tudun. Ƙarar ta fito sarai. Fuskar 'yar ta washe, ta ɗaga murya tana dariya.

"Mama, har yanzu dai?"

"Har yanzu," Giwa ta ce, ta ɗaga mata hannu. "Sai dai uban naki ya sayi babbar mota."

Ba su tsaya ba, ta ce ta gaji. A sauran hanyar ta riƙe shi da hannu biyu, yana jin ƙasusuwan yatsunta ta cikin riga.

Sun ƙara zuwa a haka kaɗan. Daga nan wata safiya ta kasa zama da kanta ko a bakin gado. Surukin ya kawo mota har bakin ƙofa, shi da 'yar suka ɗauko ta, kuma ɗaukar ba ta ba su wuya ba. Suka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar 'yarta. Ba ta yi gardama ba. Aka ce Dogo ya shiga gaba, ya ce a'a, zai biyo su a baya.

Ya bi motar a hankali, yana kallon gilashin bayanta, ba ya hango kowa sai kan 'yarsa a sunkuye. A gaban makaranta motar ta rage gudu ta haye tudun, shi ma ya iso. Ya san ba abin da zai ji, amma ya kara kunne. Babur ya hau ya sauka sumul. A ƙofar asibiti ya sauke ƙafafunsa biyu suka taka ƙasa daram, ya kafe babur, ya je ya buɗe mata ƙofar mota. Ba ta sake hawa bayansa ba.